Sau Arba'in Kafin a Tayar da Inji

Ranar Asabar ta farko bayan babbar sallar 1998, ina tsugune a bakin murhu ina kankare ƙanzon tuwo, lallen sallah bai gama barin tafin hannuna ba, Baba ya leƙo daga zaure ya ce, "Saude, ɗaure ɗankwalinki ta baya ki biyo ni." Shekarata goma a lokacin. Na zaci aikena zai yi, sai na ga ya nufi ɗakin inji, wato ɗakin langa-langar da ke manne da katangar gidanmu a Garo, inda tun da na yi wayo aka hana ƙafata takawa. Injin niƙan a kashe yake. Baƙi ne ƙirin, yana warin gas da ƙonannen mai, da ƙaton wili na ƙarfe da ya kai ni tsawo, da bel mai faɗin tafin hannun babba wanda ya miƙe daga jikinsa zuwa wurin da ake zuba hatsi. Baba ya tsayar da ni a gefensa, ya kama hannuna na hagu ya ɗora a kan wani ɗan ƙarfe mai kamar yatsa, ya ce sunansa kunne, idan aka ja shi ƙasa mai ya yanke, inji ya mutu. Ya kama na dama ya ɗora a kan wata sandar kanya da ke rataye a ƙusa, ya ce da ita ake ture bel ya sauka daga kan fuli, wato ɗan wilin da bel ɗin yake juyawa. Sannan ya ja da baya ya ce, "Idan kika ji na ce 'kai', hagu kunne, dama sanda. Kada ki waiwayo." Ban gama gyaɗa kai ba ya daka wata tsawa da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Maimakon kunne da sanda, sai na kwasa da gudu, ban tsaya ba sai a bayan Inna.

Da kansa ya shigo ya kamo hannuna, babu faɗa babu lallashi, ya mayar da ni inda na gudo. Ya ɗauko gwangwanin madara biyu, ɗaya da ƙwayar masara arba'in a ciki, ɗaya babu komai. Duk tsawa ɗaya da na amsa daidai, sai ya jefa ƙwaya ɗaya a cikin wanda babu komai. Idan na yi kuskure, ko da a ta talatin da tara ne, sai ya juye su duka su koma inda suka fito. Ranar sai da rana ta take muka gama, hawaye da majina sun haɗe mini, kafaɗuna kamar ba nawa ba. Inna ta fito zaure ta ce, "Malam, wai yarinya mace da inji? Me mutane za su ce?" Ya ce mata mu uku Allah ya ba shi, duka mata, kuma ko ya hana ko bai hana ba wata rana aike zai shigar da mu ɗakin nan, gara wadda ta shiga ta san ta inda ake kashe shi.

Sai da na ƙara girma na fahimci inda Baba ya samo wannan hali. Kafin a haife ni ya yi shekaru yana aiki a wata masaƙa a Kano, kuma a can ya bar yatsunsa biyu na hannun dama, ƙarami da na kusa da shi. Ba ya son zancen yatsun. Wanda yake yawan ba mu labarinsa shi ne wani abokin aikinsa da bel ya kama hannun rigarsa, mutane fiye da goma suna tsaye, kowa ya san inda makashin injin yake, amma babu wanda ƙafarsa ta ɗaga sai da aikin gama ya gama. Yakan ce, "Duk mun san wurin, Saude. Kanmu ya sani, hannunmu ne bai sani ba." Bayan wannan ne wani tsohon shugaban ma'aikata ya sa su a gaba, kullum kafin a kunna injuna sai sun maimaita kashewa har ya gamsu. Da zamanin tsuke bakin aljihu ya zo, kaya suka yi tsada, masaƙu suka fara sallamar mutane, Baba yana cikin waɗanda aka ba takarda. Ya dawo gida da katifarsa da rediyonsa, ya sayi tsohon injin nan a Gwarzo, ya koma gonar gado. Tsoron da ya kwaso daga masaƙa kuwa bai bar shi a Kano ba.

Daga wannan Asabar ɗin, rayuwata ta koma kamar haka: asuba in yi salla, in share tsakar gida, in ba kaji dusa, in ɗebo ruwa tulu biyu, sannan ɗakin inji, sau arba'in, kafin in sa kayan makaranta. Baba ya kafa murfin kwalba biyu a daɓen ɗakin, inda dugadugaina za su tsaya. Bayan wata ɗaya ya fara rufe mini ido da ɗankwalina. Bayan wata biyu ya daina tsawar a lokacin da nake jira, sai ya bari ina shara ko ina ɗaure buhu ya sake ta. Akwai sauran dokoki, kuma kowace sai an maimaita ta da jiki, faɗa da baki ba ya wadatarwa. A naɗe hannun riga har gwiwar hannu. A cusa bakin zani. Idan za a juya handil a tayar da inji, babban yatsa ya bi sauran yatsu, kada ya zagaye ƙarfen, domin idan injin ya yi tutsu ya mayar da handil baya, yatsan zai fara karyawa. Sannan akwai igiyar rama da ya ɗaura daga wannan bango zuwa wancan, wadda masu kawo niƙa ba sa tsallakewa, ko da matar mai unguwa ce ta zo da kanta.

Ba ni kaɗai nake shan wannan horo ba. Akwai Sale, ma'aikacin Baba, saurayi ɗan Kutama, dogo siriri, wanda kakanninsa makiyaya ne, shi kuma yake kula mana da shanun huɗa da damina, da rani ya tsaya a bakin mazurarin inji. Ƙato guda da gemu, amma shi ma sai ya yi arba'in ɗinsa, yana yi yana cika yana batsewa. Wata rana da Baba ya fita ya ce mini, "Ke, kin san abin da Babanki yake mana? Abin da nake yi wa bijimai ne." Gaskiyarsa kuwa. Na sha ganinsa da bazara ya ɗaura wa sababbin bijimai gungume, yana zagaya fili da su safe da yamma, yana kiran kalma ɗaya ta tsayawa da kalma ɗaya ta juyawa, har sai sun daina tunani sun koma bin murya. A gona ma Baba bai bar mu ba. Kafin ya ba mutum lauje ya shiga gero, sai ya yanki ciyawar bakin kunya ya ga inda yake ajiye hannun hagunsa. Yaran unguwa suna can suna langa da 'yar carafke, mu muna yankan iska.

Ranar da aka fara tayar da injin ina tsaye a kan murafan nan, na zaci ƙirjina zai tsage. Ƙarar ba a kunne kaɗai take tsayawa ba, ta ƙasa take hawowa, ta bi ƙafafu ta zauna a ciki. Bel yana gudu yana kaɗawa, wurin ɗinkinsa yana wucewa ta gabana yana wani tas, tas, tas, ni kuwa idona a kansa kamar wadda aka ce ta tsare maciji. Ban taɓa sabawa ba. Mutane suna cewa wai da an daɗe tsoro yake fita, ni nawa zama ya yi ya miƙe ƙafa. Baba kuma bai taɓa cewa in daina ji ba. Abin da yake faɗa shi ne, "Ji tsoronki, amma hannu ya riga shi isa."

A makaranta na zama abin wasa. 'Yan ajinmu suka gano cewa idan aka laɓaɓo ta bayana aka ce "kai!", hannuna na hagu zai fizgi iska, na dama ya kai sura. Suka sa mini suna Sojan Inji. Ana cikin gaɗa a gindin darbejiya wata za ta yi mini, fili ya kaure da dariya. Har malamin lissafi ya taɓa gwadawa sau ɗaya, na watsar da tawadar da ke kan teburinsa, bai sake ba. Na sha kuka a kan sunan nan, na sha cewa Inna ta roƙar mini Baba ya ƙyale ni. Amma wata rana akuyar maƙwabta ta kutso ɗakin tana jan igiyarta, igiyar ta hau bel, kafin Sale ya rufe bakinsa na kashe injin na sauke bel. Akuyar ta fita tana tari. Da aka gaya wa Baba, iyakar yabon da na samu shi ne, "Gobe ki fi haka sauri." Na yi fushi, amma a raina na ji daɗi har na kasa cin tuwo.

A shekarar 2000 aka ƙaddamar da shari'a a Kano. Ina tuna motocin da suka cika da mutane daga Kabo da Gwarzo suna kabbara, da yadda Baba ya manne da rediyo. Mu yara mata abin da ya fi shafarmu shi ne hijabi. Kafin nan ɗan gyale ko guntun hijabi muke sawa zuwa Islamiyya, sai ga dogaye sun shigo, har ƙasa, kuma kowace yarinya tana son nata ya fi na ƙawarta tsawo. Ni kaina na so nawa kamar me. Ƙanwata Mariya, autarmu, tana da shekara bakwai, Inna ta kai yadi wurin tela ta ce ya yanka mata da girma yadda za ta shekara uku tana sawa, don a lokacin babu mai ɗinka wa yaro abu daidai jikinsa. Hijabin ya fito ruwan toka, yana jan ƙasa ta baya, Mariya tana tafe tana tattare shi kamar amarya. Baba ya kalle shi ya ƙara doka ɗaya: duk mai dogon hijabi, ta tattare shi ta ƙulle a ƙugu tun daga bakin ƙofa, kuma igiyar rama tana nan. Ni da nake aiki a ciki, nawa a ƙusa nake rataye shi sai na fito.

Saura sati biyu azumi tsohon injin ya mutu. Ya yi wata ƙara kamar an jefa dutse a turmi, ya fitar da farin hayaƙi, ya tsaya. Bakanike ya zo daga Gwarzo ya buɗe cikinsa ya ce abin da ya karye an daina kawo irinsa. A lokacin kuwa kaka ta yi, gero ya shigo gida, kowace mace tana son ta niƙa na kunu da na tuwo kafin a ga wata. Baba ya sayar da bijimi ɗaya ya sayo sabon inji, ɗan ƙarami, kore, mai saurin tsiya. Aka kafa shi a mazaunin tsohon, aka ɗora masa bel ɗin da muka sani. Bambancinsa ɗaya ne. Kunnensa yana can ta ɗaya ɓangaren, sai an miƙa hannu ta sama, a daidai inda kunnen tsohon yake kuwa, nan salansa, wato bututun hayaƙi, ta fito. Masu kafa injin sun kwance igiyar rama don su shigo da shi, kuma ba a mayar ba. Tun kafin su gama ɗaure ƙusoshi kwanuka da ƙore sun yi layi har bakin masallaci. Baba ya kira ni da Sale ya nuna mana da yatsa ya ce, "Ga kunnensa nan. Kun gani?" Muka ce mun gani. Ya buɗe baki kamar zai ƙara magana, ya dubi layin, sai ya ce, "Bayan sallah ma zauna a kansa." A karo na farko cikin shekara biyu da rabi aka tayar da inji ba a taɓa gwangwanin masara ba. Ni har murna na yi.

A rana ta huɗu, bayan azahar, Baba ya ɗauki jarka ya tafi Gwarzo neman gas. Sale yana bakin mazurari, ni ina tsaye a kan murafaina ina karɓar gari, ɗakin cike da yara 'yan aike da tsofaffi biyu. Inna ta aiko Mariya ta kawo mana ɗanwake a kan hanyarta ta zuwa Islamiyya. Ban ga shigowarta ba, ƙarar ba ta bari a ji sallama. Da igiya tana nan da a can za ta tsaya, don ta saba. Da babu, sai ta ratso ta cikin mutane ta zo har kusa da ni, hannuwanta biyu riƙe da kwano, babu wanda za ta tattare hijabi da shi. Murfin kwanon ya zame ya faɗi, ta sunkuya ta ɗauka. Abin da na gani da gefen idona shi ne wani abu ruwan toka ya tashi daga ƙasa ya hau bel. Sai kan Mariya ya fizgu baya, ɗanwake ya watse, ƙafafunta suka bar ƙasa. Ba ta yi ihu ba, hijabin ya riga ya shaƙe ta.

Sale ya ce, "Kai!" Hannuna na hagu ya tafi inda ya saba zuwa sau dubbai, ya damƙi salansa mai zafi kamar garwashi, ya ja ƙasa. Abin da har yau yake tayar mini da tsigar jiki shi ne ban saki ba. Na ji fatar tana ƙuna, na ji ƙauri, amma hannun ya ƙara ja, ya sake ja, yana jiran inji ya mutu kamar yadda ya saba mutuwa. Kaina ya san kunnen yana can ɗaya ɓangaren, ina ma ganinsa, hannun ne ya ƙi ji. Ban san tsawon lokacin da na ɓata a haka ba, wataƙila numfashi biyu, wataƙila uku. Hannun dama ne ya gaji da jira ya yi nasa aikin. Ya fizgi sanda ya daki bel, bel ya yi tsalle ya zabga wa rufin langa-langa mari, ya faɗo a kan buhuna. Fuli ya yi juyi ɗaya da rabi ya tsaya. Kuncin Mariya yana jikin ƙarfen, idanunta sun firfito, harshenta a waje. Injin kuma, da ya ji babu kaya a kansa, sai ya ƙara ƙara kamar zai tashi sama, har Sale ya zagayo ya kashe shi.

Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar ban tsoro. Wata tsohuwa da ta kawo niƙan dawa ita ce ta fara motsi, ta ce, "Wuƙa, ɗan nan, wuƙa!" Sale ya zaro ta ƙugunsa ya yanke hijabin daga wuyan Mariya. Ta zube a jikina kamar tsumma. Tsohuwar tana ta salati tana hura mata iska a fuska, can sai muka ji wani gurnani ya fito daga maƙogwaronta, ƙirjinta ya ɗaga. Inna ta fito babu mayafi, abin da ban taɓa gani ba. Aka samu akori-kura da ta sauke buhuna a kasuwa aka sa mu a baya. A hanya muka haɗu da Baba a kan kekensa da jarka a ɗaure. Ya leƙa ya ga wuyan Mariya, ya ga tafin hannuna da ya saɓule, ya saki keken a tsakiyar titi ya hau. Har muka isa asibitin Gwarzo yana riƙe da ƙafar Mariya.

Mariya ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi sati uku ba ta magana, da maganar ta dawo kuma ba muryarta ce ta dawo ba, wata ce disasshiya, can ƙasa, wadda sai an matso ake ji. Likita ya ce maƙogwaron ya ji rauni, da an rage matsewar da ɗan lokaci kaɗan da wataƙila bai kai haka ba. Ba da ni yake ba, da Baba yake, amma ina bakin ƙofa na ji. Na ɗauki maganar nan na ajiye a ƙirjina. Babu wanda ya taɓa cewa laifina ne, mutanen gari ma yabona suke yi, wai yarinya ta ceci ƙanwarta. Ni kuwa duk sanda Mariya ta buɗe baki ta ce "Yaya", numfashi ukun nan nake ji. Idan yara suka kwaikwayi muryarta a hanyar Islamiyya, ni nake dukansu, in dawo gida in shiga bayan rumbu in yi kuka.

Baba ya rufe ɗakin inji kwana goma na farkon azumi, lokacin da ya fi kowane ciniki a shekara. Mata suka riƙa aika niƙansu har Kabo, wasu suna ƙorafi a ƙofar gida, bai saurare su ba. Ya mayar da igiya, ya ƙara ta biyu. Ya sa aka lanƙwasa salansar ta fita ta bango, aka yi wa bel keji da waya. Sannan ya tsayar da mu, ni da hannu a naɗe da bandeji, Sale da azumi a bakinsa, muka koma farko. Cire tsohon wuri daga hannu ya fi sa shi wuya nesa ba kusa ba. Sai in yi ashirin daidai, a ta ashirin da ɗaya hannun ya koma gidansa na da. Wannan karon shi ma Baba yana shiga layi, Sale ya yi masa tsawa, ya ja kunne da hannunsa. Na lura shi ma yana kuskurewa, amma ban kawo komai a raina ba.

Shekara goma sha shida na yi ina ɗauke da abin nan. Na gama sakandare, na yi aure a Kano, na haihu. Sai a ciwon ajalin Baba, na zo jinya, wata rana da hantsi ina ba shi kunu a zaure, ya ce in ajiye kofin. Ya buɗe tafin hannunsa na hagu ya nuna mini wani ɗan tabo fari a gindin babban yatsa, wanda na sha gani ban taɓa tambaya ba. Ya ce, "Saude, ranar da aka kafa koren injin nan, da yamma da na zo kashe shi, salansa na kama. Ni da kaina. Na san abin da hakan yake nufi, babu wanda ya fi ni sani. Na sa hannun a aljihu, na dubi layin mutane, na sake ce wa kaina bayan sallah." Sannan ya ce, "Hannunki bai yi laifi ba, abin da na koya masa ya yi. Ki yafe mini. Ki gaya wa Mariya, ni na kasa." Wallahi abin da na fara ji fushi ne, fushi mai zafi, na shekarun da na yi ina kuka a bayan rumbu alhali kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Na tashi na fita tsakar gida na tsaya. Da na dawo na tarar bai rufe tafin hannun ba, yana nan a buɗe a kan gwiwarsa. Na ce, "Na yafe, Baba." Na ɗauki kofin na ci gaba da ba shi.

Sai bayan sadakar bakwai na iya gaya wa Mariya. Muna wanke tukwane a bakin rijiya, ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba. Sannan ta ce da muryar nan tata, "Allah ya jiƙan Baba. To Yaya, da bai koya miki sandar ba fa?" Muka ci gaba da wanke-wanke.

Yanzu ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa, ni ce mai kula da sababbin ma'aikata mata. A takarda, horon kwana ɗaya ne: a nuna musu hoto a bango, a nuna musu jan maɓalli, su sa hannu cewa sun gani. Ni nakan riƙe su sati guda, kuma duk sanda aka canza wa wani inji mazauni sai mun koma farko, ko manaja zai yi ta huci. Suna ce mini Hajiya A-Sake, suna zaton ban sani ba. Idan na je Garo kuwa, kusan kowane lungu akwai ɗan injin niƙa mai fetur a ƙofar gida, bel a buɗe, yaro yana zuba hatsi da hannu ɗaya yana latsa waya da ɗayan, 'yan mata sun kewaye shi hijabansu suna kaɗawa. Nakan tsaya in ƙulle wa wadda ta fi kusa nata a ƙugu, su bi ni da kallo kamar mahaukaciya. Ɗakinmu na langa-langa ya zama shagon cajin waya. Nakan yi kewar mutumin nan mai yatsu takwas da ya ɗauki ran 'ya'yan mutane da nauyi har aka riƙa yi masa dariya, wanda sau ɗaya tak ya yi sake a rayuwarsa kuma bai yafe wa kansa ba. Tsoron da ya bar mini yana nan, kuma na daina roƙon Allah ya cire mini shi.